Tsohuwar Mota a Jamus, Tsohuwar Mota a Gida

Duk wanda ya sayi tsohuwar mota a Jamus, ba ya daɗewa yake gane cewa kuɗin hannun bakanike ya fi kuɗin saye ciwo. Gareji a nan da awa yake lissafi, kuma a manyan birane awa guda takan haura Yuro 100, ban da kuɗin kayan da za a sa. Shi ya sa ranar Asabar za ka tarar da malamin makaranta ko ma'aikacin banki sanye da rigar aiki, hannu duk baƙin mai, yana canza wa motarsa birki. Babu mai yi masa kallon wanda ya talauce.

Amma ba a bakin titi yake yi ba. Hukuma ba ta yarda a juye baƙin mai a kan hanya, garuruwa da yawa ma sun hana wanke mota a ƙofar gida, don kada mai ya bi ruwa ya shiga ƙasa. Sai aka samar da garejin haya: ka biya kuɗin awa, a ba ka na'urar ɗaga mota da sifana da sauran kayan aiki, ka yi abinka, in ka kakare mai wurin ya leƙo ya nuna maka. Tsohon man da ka juye kuma dole shagon da ya sayar maka da sabo ya karɓe shi kyauta. Batir ma haka: in ka sayi sabo ba ka miƙa tsohon ba, sai ka ajiye Yuro 7.50 jingina har ka kawo shi. Wannan tsarin na burge ni, domin na san kalar ƙasar garejojinmu, na san inda man yake gangarawa idan damina ta sauka, kuma na san akwai rijiyoyi a unguwannin.

A gida lamarin ya juya. Hannu yana da araha, kaya ne ke da tsada. Mai mota a Kano ko Kaduna ba shi da dalilin shiga ƙarƙashinta, tunda ga bakanike, ga mai waya, ga mai faci, ga mai bugun jiki, kowa da ɓangarensa, ga Ƙofar Ruwa da Panteka inda ba a rasa kayan gyara. Kuma a faɗi gaskiya, ƙwarewar da ke hannun mutanen nan ba ta da yawa a Turai yanzu. Bakaniken Jamus yakan jona kwamfuta, ta faɗa masa abin da ya lalace, ya cire ya jefar ya sa sabo. Namu zai kwance kik ko altaneta, ya sake naɗa wayar, ya mayar, mota ta ƙara shekaru tana tafiya. Ina girmama wannan ilimin, kuma ina baƙin cikin yadda ake biyan masu shi.

Abin da ya raba mu shi ne lokacin da ake taɓa motar. Bajamushe kafin ta lalace yake gyara ta, ba don ya fi mu hankali ba, sai don akwai ranar da za a titsiye shi. Sabuwar mota bayan shekara uku ake kai ta bincike, daga nan kuma duk shekara biyu, wurin TÜV ko DEKRA ko makamantansu. A ɗaga ta, a gwada birki, a duba fitilu da hayaƙi da tsatsa, a auna zanen taya kada ya gaza milimita 1.6. In ta ci, a manna mata tambari a lambar baya mai nuna wata da shekarar komawa. Mu kuwa sai mota ta tsaya a tsakiyar hanyar Zariya, da iyali a ciki, sannan a fara neman lambar bakanike.

Motar da gyaranta ya fi ƙarfin darajarta a wurin wannan bincike, ina take zuwa? Masu ajiye mota a titi sun saba tarar da ɗan kati maƙale a ƙofa, na dillalai masu saye don fitarwa waje. Da yawa daga cikin irinsu ta Hamburg ko Antwerp suke hawa jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano. Ke nan 'yar Kwatano da muke murnar shigowarta gida, sau da yawa mota ce da wani ya lissafa abin da take buƙata ya ga gara ya rabu da ita. Birkin da ya ƙi canzawa da bel ɗin injin da lokacinsa ya wuce suna nan tare da ita, fenti kawai ke sheƙi.

Ba na cewa kowa ya zama bakanike; hakan ma cire abinci ne daga bakin masu sana'a. Amma mai mota ya san motarsa. Ya iya zaro sandar awon mai ya duba da safe. Ya san man birki yana shan danshi, don haka ake canza shi kamar duk shekara biyu ko da birkin yana kamawa. Idan bakanike ya ce zai cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi, ya tambaye shi ko an wanke lagireto an duba fanka, domin injin da aka cire wa ita yakan daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai. Ya ajiye ɗan littafi yana rubuta kilomita da ranar kowane gyara. Wasu motocin ma suna isowa da irin wannan littafin a aljihun gaba, da hatimin kowane gareji, cikin Jamusanci. Kafin a biya dillali, a nemi wanda zai karanta shafin ƙarshe a ga a kilomita nawa aka daina kula da ita, a gwada da abin da agogon motar yake nunawa.