Noti Ɗaya Ya Cinye Mana Yini a Abakpa

Cikin ayyukan kanikanci akwai waɗanda ƙarfin damtse ke gamawa, akwai kuma waɗanda in ka sa musu ƙarfi ka yi ɓarna. Ciro manifol daga tsohon inji yana cikin kashi na biyu. Manifol, ga wanda bai sani ba, shi ne maƙogwaron nan mai rassa da ke karɓar iska da fetur daga kafireto ya kai wa silinda. In gaskit ɗin da ke tsakaninsa da kan inji ya ci, sai iska ta riƙa satar hanya, mota ta yi ta rawar ɗari, ta ƙi tsayawa a silo.

Abin da ya sami motar kawuna ke nan, wata Peugeot 504 ƙirar masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Da ita yake jigilar fasinja a Inugu, da ita yake ci da iyali. Mutane suna ce mata akwala. Shi kuwa gonarsa ce.

Bakaniken da muka kai wa a Abakpa Nike dattijo ne Bahaushe, ba ya son hira in yana aiki. Sai da inji ya huce sarai, sannan ya cire kan batir, ya rage ruwan lagireto, ya zare tiyon fetur da wayar totur, ya sauke kafireto. Kowane noti ya kwance sai ya jefa shi cikin gwangwanin madara. Duk wannan bai kai awa ɗaya ba.

Sai aka zo kan noti na ƙarshe, wanda tsatsa ta riƙe. Yaronsa ya ɗauko dogon bututu zai ƙara wa sifana tsawo, dattijo ya harare shi, ya ajiye. Dalili kuwa, kan injin 504 na alminiyam ne, ƙusar da ke cikinsa ta ƙarfe, in sun daɗe tare sai su manne. Ka matsa, ƙusa ta karye a ciki, ko ta fito da zaren ramin gaba ɗaya. Aikin yini ya koma na mako, mai mota yana zaune ba ko sisi. Saboda haka ya jiƙa notin da kananzir, ya ɗan bubbuga, ya tafi sallar Azahar. Ya dawo ya ɗaure shi kaɗan, ya sassauta kaɗan, ya sake jiƙawa. Kawu yana ta duban rana, yana lissafin lodin da ya wuce shi. Sai bayan La'asar notin ya yi ƙara ya saki.

Ni dai a ganina nan ne ake bambanta bakanike da mai riƙe da sifana. Da yawa a yau sun iya canja kaya, kaɗan ne suka iya jira, kuma mu masu mota mu ne ke tsaye a kansu muna azalzala.

Da manifol ya fito, kafin ya ko dube shi, sai ya toshe ramukan da tsumma mai tsabta, domin in wasa ɗaya ta faɗa ciki, bawul da fistin ne za su biya. Ya kankare tsohon gaskit a hankali, ya ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar manifol ya ga ba ta karkace ba.

Sabon gaskit kuwa sai da yaro ya je Coal Camp, inda 'yan kasuwa Ibo ke sayar da kayan mota. An daɗe da daina ƙera 504, amma wani ɗan tireda ya tono shi daga ƙasan kanta. Washegari dattijo ya mayar, yana ɗaure notina daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, har zagaye uku. Kafin hantsi kawu ya shiga layi a tasha.