Ganyen da ya shaƙe mini kifi

Masu kiwon kifin ado a Tailan sun daɗe suna jefa busasshen ganyen wata bishiya mai suna katafa cikin ruwan kifinsu. Ganyen yana sakin tanin, sinadarin nan da majema ke nema a jikin bagaruwa, sai ruwa ya rine ya yi ja-ja, tsaminsa ya ɗan ƙaru, kifi kuma ya samu maɓoya. A Burazil ma akwai kogi sukutum, Rio Negro, wanda ruɓaɓɓen ganyen daji ya mayar da shi kalar shayi, kifaye na ta harkarsu a ciki. Duk wannan haka yake, amma rabin zancen ne, kuma da rabin nan na kashe kifayena.

Akwatin gilashi ne da ni a zaure a nan Jangebe, bai fi cin jarka uku ba. A ciki akwai 'yan ƙananan karfasa da tarwaɗa guda da na sayo wurin wani dattijon masunci a magudanan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Da na ji ganyen mangwaro ma yana yi, sai na sharo na ƙarƙashin bishiya, na damƙo cikin hannu biyu na antaya, ko ɗauraya babu. A tunanina, in kaɗan yana da amfani, mai yawa ya fi.

Bazara ce, ga kuma rashin wuta, na'urar hura iska ta yi shiru. Abin da ban lissafa ba shi ne ganye abinci ne. Da ya jiƙu, ƙananan halittun da ido ba ya gani suke far masa, kuma iskar da kifi ke shaƙa su ma ita suke shaƙa. Ga shi ruwa mai ɗumi dama iskarsa kaɗan ce: a zafin digiri 30, lita guda ba ta riƙe fiye da wajen miligiram 7.5 na iskar oksijin. A Rio Negro kogi ne ke gudu. Nawa ruwan a tsaye yake.

Inda na fi jin ciwo shi ne kifayen sun nuna mini. Da asuba na gan su a saman ruwa suna buɗe baki, na ɗauka yunwa ce, na ƙara musu abinci, wato na ƙara abin ruɓewa. Karfasa duk suka tafi. Tarwaɗa ce ta tsira, domin Allah ya hore mata shaƙar iska daga sarari.

Da na ba dattijon labari, bai yi dariya ba. Ya ce, “Ɗana, kifin da ya taso sama da asuba numfashi yake nema.” Ya kuma tuna mini da majimfa, wadda ake dakawa a zuba a kududdufi kifi ya bugu, don in san ba kowane ganye ne abokin ruwa ba. Na ce, “Baba, da na tambaye ka tun farko.”

Yanzu ganye ɗaya nake sawa, wanda ya bushe ya faɗo da kansa, daga bishiyar da na tabbata ba a yi mata feshi ba. Sai na zuba masa tafasasshen ruwa ya kwana kafin ya shiga. Ganyen dogon yaro kuwa ba ya kusantar akwatin. In wuta ta ɗauke da zafin nan, nakan tsame ganyen, in sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, in kuma ɗaga abincin ranar.