Hutun Damina a Zazzau da Neman Littafi na Uku

Dogon hutun makaranta a Arewa yakan faɗo ne a tsakiyar damina, cikin Agusta, lokacin da marka ke hana shanya bushewa, sabuwar masara kuma ta cika bakin titi. A nan ne mazauna birni ke biyan bashin zumunci. Mu ma bana muka tashi daga Kaduna muka nufi Zariya, ni da maiɗakina da yara, bayan mota cike da tsaraba: sabulu, sukari, da turmin atamfa na Gwaggo.

Kowa da abin da ya kai shi. Babbar 'yata dai littafi ta je nema. Ta tsinci Magana Jari Ce na ɗaya da na biyu a akwatin marigayi kakanta, bango ya fita, gara ta taɓa gefe, ta karance su tas, na uku kuwa babu shi. Na yi mata alkawarinsa in ta ci jarrabawa, ta kuwa ci. Tun daga Kawo take min tuni, har muka wuce Jaji ba ta gaji ba.

Ta Ƙofar Doka muka shiga birni. Gwaggo na zaune a kan tabarma tana yankan ɗanyar kuɓewa.

"Lale da mutanen Kaduna! Ɗan nan, sai yau? Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Gwaggo."

Ta jawo autanmu tana cewa ga maigidanta ya zo hannu rabbana, ko cefane bai kawo ba. Ita kuma yarinyar ta zama kishiya nan take. Daga nan aka shiga zagayen gaisuwa, wanda a birnin Zazzau ba a yi masa gaggawa. Gidan Kawu, gidan da aka yi rasuwa ba mu samu zuwa ba, gidan da aka yi haihuwa, kowanne sai an durƙusa, an sha fura, an ji ƙorafin tsadar taki. Yaran zamani na ganin wannan wahala ce. Ni kuwa ina ganin gara su sha ta yanzu, domin yaron da bai san zauren danginsa ba, waya ba za ta nuna masa shi ba.

Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin da ke kusa da fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Sabon gini ya lulluɓe tsohon, amma bakan gizon Babban Gwani na nan a ciki. Washegari muka hau Kufena. Dutsen na da santsi bayan ruwa, muka tsaya a rabi, inda ake hango gonakin dawa da masara shar har iyakar gani.

Ana gobe za mu koma aka zo kan alkawari. Da gangan na bi da su ta Tukur-Tukur don su ga ginin Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945. Na gaya musu a garin nan Abubakar Imam, mutumin Kagara, ya zauna ya rubuta littafin da muke nema, aka buga kashi ukun tsakanin 1937 da 1939. A 1939 ɗin ne kuma ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a Zariyar kuma ya rasu a 1981. Yarinya ta saurara da kunne ɗaya.

Shagon da muka samu a Sabon Gari ya fi cika da littattafan jarrabawa da na addini. Mai shagon ya taka benci ya sauko da wani ƙunshi daga can sama, ya kaɗe ƙura da gefen rigarsa.

"Alhaji, na uku kaɗai? Ai tare suke tafiya. In na raba su, wa zan sayar wa sauran?"

Na taya, ya ce albarka. Na juya kamar zan fita, 'yata ta riƙe min hannun riga, idonta ya kawo ruwa, shi ke nan ta karya min ciniki. Muka kwashe ukun, da niyyar a bar biyu wa yaran gidan Gwaggo.

A mota 'yata ta buɗe na ukun, ta sanar da mu cewa yanzu Waziri Aku ɗansa Fasih yake koya wa magana. Da dare, bayan tuwo, Gwaggo ta ce kishiya ta karanta da ƙarfi kowa ya ji. Ga fitila, ga yara sun kewaye ta, sai karatun ya fara tuntuɓe. A zuci tana gudu, a baki kuwa tana cin karo da kalmomin da ba ta taɓa furtawa ba, Gwaggo da ba ta yi boko ba tana gyara mata ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma ta ƙarasa mata karin maganar tun ba ta kai ƙarshe ba.

Da aka kai ƙarshen labari Gwaggo ta juyo kaina.

"Ɗan nan, duk kuɗin makarantar nan da kake zubawa, Hausa ba ta cikin lissafi ne?"