Abin Da Ke Kashe Yaji

A gidanmu na Zuru biki ba ya yankewa. Akwai masu zuwa coci, akwai masu zuwa masallaci, don haka Kirsimeti a wajen kawunnanmu muke ci, Sallah su zo wajenmu, Uhola kuwa ta kowa ce. Duk waɗannan tukwane, Goggo ce ke tsaye a kansu.

Farfesun kan akuyarta ba a cin sa da busasshen ido. Da zarar attarugu ya kama mu, sai mu ruga wajen randa, ita kuma ta daka mana tsawa: “Ku bar ruwan nan, wahala za ku ƙara wa kanku!” Sai ta miƙo jiƙon tsamiya mai ɗan zaƙi, ko zoɓon da ya kwana a tulu. Wanda ya fara kuka kuwa, nono ake ba shi.

Sai da muka girma muka karanta cewa Jamusawa ma sun san wannan hikima. A kwarin kogunan Mosel da Rhine suna noman wani inabi mai suna Riesling, suna yin farar giya da shi. Wani nau’inta yana da tsami da ɗan zaƙi, kuma ba shi da ƙarfi sosai. Ana haɗa ta da gasasshiyar dinyar Kirsimeti mai maiƙo, ana kuma haɗa ta da abincin Indiya da Tailan mai yaji. Mu ba ma shan giya, amma dalilinsu ya tsayar da mu: tsami yana yanke maiƙo, zaƙi yana kwantar da raɗaɗi. Sinadarin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, amma madara tana ɗauke shi. Ashe abin da Goggo ke yi ke nan, ba tare da ta taɓa buɗe littafi ba.

Bambancin shi ne su sun rubuta nasu. A jikin kwalba za ka ga shekara, da sunan gonar, da nunar inabin. Mu kuwa ci kawai muka yi.

Sallar farko bayan rasuwar Goggo, lemon kwalba muka sayo. Muka ci farfesu muka kora, harshe ya ƙara kamawa da wuta. Muka gwada jiƙa tsamiya, ta fito da tsamin da ke kashe haƙori. Muka zauna muna gardama: kwana take yi a ruwa ko wuni? Citta nawa? Kanumfari fa? Ba wanda ya taɓa tambaya.

Inna ce kaɗai ta rage cikin waɗanda suka yi girki da ita. Yanzu kowace Juma’a ɗayanmu kan zauna kusa da murhunta da biro da takarda. Tana yi mana dariya, tana cewa ma’auninta tafin hannu ne. Mun rubuta hakan ma.