Wasiƙa Zuwa Ga Rafin Bayan Gari

Ya kai rafinmu,

Jiya na bi ta wajenka, ban gane ka ba. Suna dai yana nan, amma abin da na tarar lambatu ne miƙaƙƙe ɗoɗar, kamar an ja shi da igiya.

Da can ai ba ka san sauri ba. Sai ka lanƙwasa a gindin giyayya, ka haƙa gurbi mai zurfi, sannan ka baje a kan yashi. A gurbin nan kurungu da karfasa ke cin rani, ga inuwa ga sanyi. Damina na kankama ka tumbatsa cikin ciyawar burgu, tarwaɗa ta biyo ka da dare ta zuba ƙwai a ciyawar da ruwa ya shanye, 'ya'yanta su fake a nan har su yi ƙwari. Gaiwa kuwa, in ka janye, sai ta nutse cikin laka ta yi kwanciyarta. Na sha ganin Baffa yana tono ta da fartanya a tsakiyar bazara, da ranta.

Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya iso gonaki, aka samu alkama da shinkafa da tumatir. Ba zan yi butulci ba, da kuɗin tumatir na yi makaranta. Gona kuma dole a tsane mata ruwa, in ba haka ba kanwa ta taso ta cinye ta, shi ya sa aka mayar da kai magudana. Sai dai wanda ya zana magudanar abu ɗaya ya dame shi: ruwa ya fice da wuri. Katafila ta cike gurbin, ta tumɓuke giyayyar. Aka dasa kwalbati mai baki a sama, ƙananan kifi su zo su yi ta tsalle, su gaji su koma. Da damina ka kwashe ƙwai da gudu, da rani ka koma siririn ruwa mai zafi, ga taki ga maganin feshi, kacala ta toshe sauran.

A Ohio da Indiana ta Amurka manoma na haƙa magudana mai hawa biyu: 'yar hanya a tsakiya, dakali mai ciyawa a kowane gefe inda ruwa zai baje in ya cika. Gona ta tsane, kifi ya samu mafaka. Wato abin da kake yi mana tun kaka da kakanni, kyauta.

Komar Baffa tana nan rataye a zaure. Jikokinsa sun ɗauka ragar ƙwallo ce.

Naka,
Ɗan masunta