Dariyar da Ke Maƙalewa a Wuya

Mu da muka saba da labaran aljanu da mayu, mun ɗauka cewa abin tsoro yana da ƙa'idarsa: sai dare ya tsala, sai gari ya yi tsit, sa'annan a ga wani abu ya ɓullo daga bayan kuka. Su ma Japanawa suna da irin wannan, domin kuwa fim ɗin Ringu na shekarar 1998, wanda fatalwar wata yarinya ke fitowa daga cikin akwatin talabijin, ya zagaya duniya har Amurkawa suka sake yin nasu a 2002. Sai dai kuma akwai wani reshe na fina-finan tsoro na Japan da ya fi tsaya mana a rai, wato wanda babu fatalwa a cikinsa ko ɗaya, sai ɗan sanda mai bincike, da mai kisa, da kuma wata irin dariya da mutum zai yi sa'annan ya ji kunyar kansa.

Wannan reshe ya aro rigarsa ne daga fina-finan bincike na Amurka, waɗanda masu sharhi na Faransa suka raɗa wa suna baƙin fim a 1946. A cikinsu birni ba shi da amana, mai binciken kansa gajiyayye ne, kuma duk ƙofar da ya buɗe sai ta kai shi ga wadda ta fi ta duhu.

Misalin da muke ganin ya fi kowanne shi ne Cure, wato waraka, wanda Kurosawa Kiyoshi ya shirya a 1997. Kada mai karatu ya rikita shi da Kurosawa Akira na fina-finan mayaƙan takobi, suna ne kawai ya zo ɗaya. A birnin Tokiyo ake ta tsintar gawarwaki, kowace an tsaga mata alamar gicciye daga wuya zuwa ƙirji. Kama mai laifin ba ya wuya, domin kullum yana nan kusa, ya kuma amsa laifinsa. Matsalar ita ce kowane kisa da mai yinsa daban, kuma duk mutanen kirki ne: malamin makaranta ya kashe matarsa, ɗan sanda ya harbe abokin aikinsa, wata likita ta yanka wani mutum a makewayi. In an tambaye su dalili, sai su rasa abin faɗi.

Takabe, mai binciken, wanda Yakusho Koji ya fito a matsayinsa, ya bi sawu har ya gano wani saurayi mai suna Mamiya, tsohon ɗalibin ilmin halayyar ɗan Adam, wanda ya ce ya manta kome, har sunansa. Ba ya riƙe wuƙa. Makaminsa harshen wutar ƙyastu ne, ko ruwan da ya malala a ƙasa, sai kuma tambaya ɗaya da yake ta maimaitawa: kai wane ne? To a nan dariyar take. An kawo shi gaban manyan 'yan sanda, shugabansu ya faɗi sunansa da muƙaminsa cikin isa, sai saurayin ya dube shi ya sake tambayarsa ko shi wane ne. Babu yadda za a yi mai kallo ya ƙi murmusawa ganin babban mutum ya dabarbarce a gaban yaro. Amma kafin murmushin ya gushe sai mu tuna cewa da wannan tambaya ce aka mai da malamin makaranta mai kisa, kuma mu ma da za a cire mana suna da sana'a, ba lalle ne mu sami amsa ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda Kurosawa yake ƙin taimaka wa mai kallo. Kisan da ɗan sandan nan ya yi, da rana tsaka aka nuna shi, daga nesa, babu kiɗan gargaɗi, kamar mutum ya fito zubar da shara. Kisan farko kuwa, wani kiɗa mai daɗi ne ke tashi a ƙarƙashinsa, irin wanda ya dace da wasan yara. Shi kansa Takabe yana da mata marar lafiyar ƙwaƙwalwa, yakan dawo gida ya tarar da injin wanki yana ta juyi babu tufafi a ciki. Yana haƙuri da ita, yana lallashinta, kuma wannan haƙurin da ya daɗe yana danne wa shi ne ƙofar da Mamiya ya samu.

Ba a banza irin wannan labari ya fito a lokacin ba. Tattalin arzikin Japan ya durƙushe tun farkon shekarun 1990, sa'annan a ranar 20 ga Maris, 1995, mabiya ƙungiyar Aum Shinrikyo suka saki iska mai guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo. Cikin waɗanda suka aikata har da likita da masu digiri a kimiyya. Jama'ar da ta ga haka ba ta bukatar a ƙirƙiro mata dodo.

Miike Takashi ya bi wata hanyar a Audition na 1999, wanda aka ɗauko daga littafin Murakami Ryu. Wani mutum da matarsa ta rasu ya haɗa baki da abokinsa suka shirya gwajin 'yan wasa na ƙarya don ya zaɓi amarya. Rabin farko kamar wasan ban dariya na soyayya, muna ta dariyar 'yan matan da ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, mun manta cewa yaudararsu ake yi. Sai aka nuna wadda ya zaɓa, Asami, zaune shiru kusa da tarho, ga wani buhu a gefe. Tarho ya yi ƙara, buhun ya motsa. Abin da ya biyo baya ba na mai raunin zuciya ba ne, kuma a ganinmu Miike ya zarce da nuna azaba fiye da bukata. Haka ma Cold Fish na Sono Sion, na 2010, inda wani mai shagon kifin ado, sarkin raha da barkwanci, yake daddatsa gawa yana zolaya. Jini ya yi yawa, amma ba mu taɓa ganin fara'a ta zama abin tsoro kamar tasa ba.

Shi ya sa muke fifita Cure, wanda ya fi su kawaici. A ƙarshensa Takabe ya harbe Mamiya, aka ga kamar magana ta ƙare. Sai ga shi a gidan abincin da a da ya kasa cin abin da aka kawo masa, yanzu ya share faranti tas, ya kunna sigari cikin natsuwa. Yarinyar da ta kwashe kwanukan ta koma bakin aikinta, aka raɗa mata wata magana, sai ta taka a hankali ta ɗauki wuƙa.