Darasin da ya isa Gidan Rumji babu hoto

Abin ya faru ne a damina ta bara, kuma har yanzu in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, duk da cewa ba a gabana aka yi ba.

Ina koyar da ƴan aji CM2 a wani ƙauye da ke gefen Gazawa, inda rezo ke zuwa sa'ad da ya ga dama. Duk lokacin da na shiga Maraɗi nakan ɗauki tsohuwar kwamfutata in kwaso abin da zan iya daga intanet. A wannan karon na samu wani shafi mai kyau kan zagayawar jini a jikin ɗan Adam, da zanen zuciya, jijiyoyin ja da na shuɗi a bayyane. Na adana shi, na dawo gida, na buɗe babu rezo, komai ya fito. Yara suka kewaye teburina, har da waɗanda ba sa ɗaga hannu sai an yi musu tsawa.

Da daɗi ya kwashe ni, sai na tura wa wani abokina da muka yi makarantar horar da malamai tare, wanda ke aiki a sashen Gidan Rumji. Shi ne aka ba gabatar da darasin gwaji a taron CAPED na yankinsu. Ya amince da ni, bai duba ba sai a gaban malamai kusan ashirin. Rubutu ya fito a hargitse, inda zuciya take sai wani ɗan akwati fanko. Da yamma ya kira ni ya ce, "Mushe, ka aiko mini da kwano ka bar tuwon a gida."

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'ar Maraɗi shi ya warware mini. Ya ce, "Kawu, shafin intanet ba ya ɗauke da hoto a cikinsa. Kwatance kawai yake ɗauka." Ashe fayil ɗin da ke ƙarewa da .html rubutu ne zalla. Inda hoto ya kamata ya zauna, layi ɗaya ne da ke ce wa manhajar buɗe shafi, wato su Chrome ko Firefox: je wuri kaza ki ɗauko hoto mai suna kaza. Haka launi da tsarin shafin suna cikin wani fayil na dabam da ake kira CSS, abubuwan da ke motsi kuma galibi suna cikin na JavaScript. Manhajar takan karanta shafin daga sama zuwa ƙasa, tana aika saƙon nema ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta harhaɗa abin da ya samu. Wanda bai samu ba ta bar gurbinsa.

Kwatancen kuma iri biyu ne. Akwai cikakke, wanda ke farawa da https da sunan gidan da ke riƙe da fayil ɗin. Wannan ko daga ina aka bi shi zai kai, amma sai da rezo. Akwai kuma na maƙwabtaka, wanda ke cewa kawai "dosiyen da ke kusa da ni". Kamar ka ce wa baƙo gidana na bayan masallacin Juma'a. In yana Agie zai same ka. In ya ɗauki wannan kwatance ya tafi Tibiri, zai ga masallaci, amma ba zai gan ka ba. Lokacin da na adana shafin, kwamfuta ta buɗe wani dosiye a gefensa mai suna iri ɗaya, ta zuba hotunan ciki, ta mai da kwatancen na maƙwabtaka. Ni kuma na ga dosiyen na ɗauka tarkace ne, na tura shafin shi kaɗai.

Yaron ya ƙara ja mini kunne cewa ko sunan dosiyen na sauya, hanya ta yanke. Mu ƴan Gazawa mun san wannan: tun da aka cire mu daga sashen Agie a 2011 aka ba mu namu, takardar da ta bi tsohon adireshi sai ta yi ta yawo. Bambancin shi ne ɗan aike yana da baki zai tambaya. Manhaja ba ta tambayar kowa.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne iyaye. Uba zai sayar da tiyar gero ya sa wa yaro kuɗin intanet, yaro ya buɗe darasi a gari, ya dawo ƙauye ya tarar rabi ya ɓace, a ce ya yi wasa da kuɗin. Sau da yawa ba laifinsa ba ne. Salula takan ajiye wasu hotuna na ɗan lokaci, sa'an nan ta share don samun wuri.

Yanzu duk shafin da zan tura wa malami sai na mai da shi PDF, domin shi rubutu da hoto a tukunya ɗaya suke. In akwai abin motsi da PDF ba zai riƙe ba, sai in ɗaure shafin da dosiyensa cikin zip. Na kuma sa Kiwix, manhajar kyauta da ke buɗe Wikipedia babu rezo, wadda ke tattara dubban shafuka da hotunansu a fayil ɗaya. Akwai na Faransanci, akwai na Hausa. Kafin in tura komai nakan kwafe shi a salular maiɗakina, in kashe data, in buɗe in gani da idona.

Abokina ya sake karɓar darasin zuciyar a watan Nuwamba. Bai ce mini na gode ba tukuna, sai da ya buɗe sau biyu.